Ƙarfe Takwas na Wane Gari?

Ƙannena masu hawa laif, da mai koyar da lissafi, da mai sharhin ƙwallo, da mai buga wasan kwamfuta, da wanda yake riƙe wa malam waya a wurin tafsiri, akwai wata jimla da kuke furtawa kusan kullum ba tare da kun tsaya kun auna ta ba: "Mu haɗu gobe da ƙarfe takwas da rabi na dare." Wanda ya faɗe ta yana Kano ko Damagaram, ya san abin da yake nufi, maƙwabcinsa ma ya sani. Sai dai mutanen da suka taru a zauren hirarsa ba a unguwa ɗaya suka kwana ba. Hausawa sun daɗe da bazuwa a duniya, fatauci ya kai wasu, aikin hajji ya zaunar da wasu a hanya, karatu da neman halali sun kai na baya, kuma waya ta tattaro su duka a gabanku.

Ku lissafa tare da ni. Takwas da rabi na dare a Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk abu ɗaya ne. Amma a zangon Kumasi ko Nima ta Accra bakwai da rabi ne. A Khartoum tara da rabi. A Makka da Madina goma da rabi, a Dubai sha ɗaya da rabi. Ɗalibin da yake Indiya agogonsa ya buga ɗaya na dare, domin tazarar Indiya tana da rabin awa a kai, kuma shi har ya shiga wata rana. Ɗan kasuwan da ya je saro kaya Guangzhou da ɗalibar da take Kuala Lumpur, su uku da rabi na asuba suke. Na Landan kuwa amsarsa biyu ce: a watan Janairu bakwai da rabi, a watan Yuli takwas da rabi daidai da Kano. Na New York ma haka, biyu da rabi na rana da sanyi, uku da rabi da zafi. Jimla ɗaya kuka faɗa, ta faɗa kunnuwa a lokuta kusan goma.

Wasunku suna ganin sun kauce wa matsalar idan sun ce "bayan sallar isha'i". Wannan ya fi na farko rikitarwa. Isha'in Kano tana kewaya ƙarfe takwas ne duk shekara, ta ɗan yi gaba ta ɗan yi baya. A Landan cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin huɗu na yamma ta faɗi. Isha'in wa za a jira?

Asalin abin ba shi da wuya. Duniya tana juya digiri 15 a cikin awa ɗaya, wato kowane digiri minti 4 ne, saboda haka na gabas yana riga na yamma ganin rana. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe 25 suka zauna a Washington suka amince a riƙa auna tazara daga layin da ya ratsa Greenwich ta Ingila. Wannan layin, idan ka biyo shi kudu, ta garin Tema na Ghana yake faɗawa teku, shi ya sa agogon Ghana yake kan sifili, namu kuma yake gaba da awa ɗaya. Daga nan kowace ƙasa ta zaɓi nata, kuma gwamnati ce take zaɓa, ba rana ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

To, a nan ne bot yake shigowa, wato manhajar nan da take zaune a zauren hira tana amsa wa duk wanda ya kira ta. Wadda aka fi sani ita ce Nightbot, tana aiki a YouTube da Twitch, kuma kyauta ce. Akwai irin su StreamElements da Moobot masu yin kusan aiki ɗaya. Ka shiga da asusun tasharka, ka gayyato ta, ka ba ta matsayin modireta. Daga nan sai ka rubuta !commands add a zauren, ka bi shi da sunan da ka raɗa wa umarnin, a ce !lokaci, sannan jimlar da kake so ta riƙa faɗa. A cikin jimlar, daidai inda kake son agogo ya bayyana, sai ka sa alamar dala, ka buɗe baka, ka rubuta time, ka ba da tazara, ka rubuta Africa/Lagos, ka rufe baka. Ka maimaita haka da Africa/Accra, da Asia/Riyadh, da Europe/London. Shi ke nan. Duk wanda ya rubuta !lokaci, cikin ƙiftawar ido za ta ce masa yanzu a Najeriya ƙarfe kaza ne, a Ghana kaza, a Saudiyya kaza. Kai kuma ba ka katse darasinka don amsa tambayar da aka yi maka sau ashirin ba.

Wajen raɗa sunan umarni, ku guji haruffa masu lanƙwasa. Ina son ƙ da ɗ da ɓ, kuma ina jin zafi idan na ga an yar da su a rubutu, amma wayoyi da yawa ba su da su a madanni, kuma wanda ya rubuta k a gurbin ƙ bot ba zai amsa masa ba. !lokaci da !saura sun wadatar. Sannan YouTube ba ya karɓar saƙon da ya wuce haruffa 200 a zauren hira, don haka ba za ka cusa birane goma ba. Ka buɗe YouTube Studio ka ga ƙasashen da masu kallonka suka fi fitowa, ka zaɓi uku ko huɗu. Idan ka ƙara HH:mm cikin alamar zance bayan sunan yankin, agogon zai fito a tsarin awa 24, ka huta da AM da PM waɗanda suke ruɗa mutane musamman a kan sha biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi ma dama da wannan tsarin suka saba. Masu yi a TikTok da Facebook, inda ba a saba ganin Nightbot ba, ku yi wannan aikin da hannu: rubutu a jikin hoton, ko saƙon da aka maƙale a sama.

Wani zai ce me ya sa Lagos, alhali ni a Sakkwato nake? Waɗannan sunaye daga wani kundi suke wanda kusan duk wayoyi da kwamfutocin duniya suka dogara da shi. Wani Ba'amurke, Arthur David Olson, shi ya faro shi a shekarun 1980, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, kuma tun 2011 yana ƙarƙashin hukumar IANA. Tsarinsa shi ne nahiya sannan birni guda mai girma da yake wakiltar yankin. Babu Africa/Kano, babu Africa/Abuja. Duk Najeriya Africa/Lagos ce. Akwai Africa/Niamey, Africa/Douala, Africa/Ndjamena da Africa/Khartoum. Makka tana ƙarƙashin Asia/Riyadh. Amfanin kundin shi ne ana sabunta shi duk lokacin da wata gwamnati ta taɓa agogonta, kuma suna taɓawa. Sudan ta kasance gaba da mu da awa 2 har zuwa ranar 1 ga Nuwamba 2017, lokacin da ta ja agogonta baya, tazarar ta koma awa 1. Turkiyya, inda ɗalibanmu suke da yawa, ta daina sauya agogo a 2016 ta tsaya a daidai da Saudiyya. Masar ta dawo da tura agogo gaba lokacin zafi a 2023. Wanda ya haddace tazara a ka tun yana makaranta, ya rubuta ta da hannu a bakin bot, wata rana zai wayi gari yana yaɗa kuskure bai sani ba. Wanda ya rubuta sunan birni, kundin zai gyara masa.

Ku kuma yi nesa da gajerun sunayen nan masu harafi uku in kuna da zaɓi. AST na iya zama agogon Larabawa, na iya zama na gabashin Kanada, kuma tsakaninsu awa 7 ne. CST ta tsakiyar Amurka ce, ta Sin ce, ta Kuba ce. IST Indiya, Isra'ila da Ireland duk suna amsa ta. Ko EST da kuke gani a fostocin mutanen Amurka, fiye da rabin shekara ba daidai ba ce, domin daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba suna kan EDT ne. Turai kuma tana sauya nata a Lahadi ta ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadi ta ƙarshe ta Oktoba. Kun ga akwai makonni biyu ko uku a Maris, da mako guda a ƙarshen Oktoba, da Amurka da Turai suke saɓa wa tazarar da suka saba. Mu da ba mu taɓa agogonmu muna mantawa da cewa na wasu yana motsi, sai mai kallo na Manchester ya zo ya tarar an yi nisa, ya ɗauka kai ne ka sauya lokaci.

Ƙidayar saura, wato umarnin !saura, ita ce ta biyu bayan agogo, kuma ita ta fi nauyi a wurina. Tsarin rubuta ta iri ɗaya ne da na agogo, sai dai a gurbin time za ka sa countdown, ka bi shi da rana da lokaci. Kyawunta shi ne ta kashe rigimar yanki gaba ɗaya: "saura awa 3 da minti 10" abu ɗaya ne ga na Agadas da na Jidda da na Chicago, ba wanda zai yi lissafi. Amma sai ka gaya mata lokacin wane yanki kake nufi, in ba haka ba za ta yi aiki da agogon da ba naka ba. Abin da ya fi aminci ga mu na Najeriya da Nijar shi ne a rufe lokacin da GMT+0100. Sunan wata kuma a rubuta shi da haruffa, kada da lamba, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Amurkawa 4 ga Maris, kuma yawancin waɗannan manhajoji da tunanin Amurkawa aka gina su. Amsar za ta fito da kalmomin Turanci na kwana da awa da minti. Ka kewaye ta da jimlar Hausa mai kyau, lambobin za su isar da saƙo.

A fosta ma ku kula da dare. Bahaushe idan ya ce "daren Juma'a", daren da za a wayi gari Juma'a yake nufi, wato Alhamis da dare, amma yaron da ya tashi da kalandar waya zai iya ɗauka Juma'a da dare ne. Ku rubuta "Alhamis da dare, 20:30 agogon Najeriya da Nijar", kowa ya huta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bot ɗan aike ne: abin da ka ba shi shi zai kai, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, kuma ba ya jin kunya a madadinka. Ranar da ka sa shi ya ce saura minti 40, ka ɗauki alkawari ne a bainar jama'a, da daƙiƙa, kuma alkawari kaya ne. Ku yi tunanin matar da take Kumasi, ta gama sallamar yara, ta sayi data da kuɗin da ta rage daga cefane, ta jingina waya a jikin kwano ta rubuta !saura, aka ce mata saura minti 5. Ta zauna. Minti 5 suka cika, fuskar wayar ba ta nuna komai ba sai hoton fosta. Ta ƙara 20, cajin wayarta yana sauka. Ba ta san an ɗauke wuta a unguwarku ba, ba ta san malam ya tsaya jana'iza ba, ba wanda ya gaya mata komai. Gobe idan bot ya ce saura minti 5, ba za ta zauna ba, kuma tana da gaskiya. Ku yi tunanin ɗalibin Malesiya da ya saita ƙararrawa uku da kwata na asuba, yana da lacca da safe. Waɗannan mutane ba lamba ba ne a ƙasan hoto. Sun ba ku barcinsu da kuɗinsu.

Na san uzuri gaskiya ne a ƙasashenmu. Wuta tana ɗaukewa, sabis yana yankewa, ruwan sama yana hana fita. Ba ina cewa kada ku taɓa makara ba ne. Cewa nake, idan za ku makara, ku faɗa kafin lokacin ya cika. Gyara umarni ba ya cin minti ɗaya: !commands edit, sunan umarnin, sabon lokaci. Ku sami amintaccen modireta, zai fi kyau wanda ba a garinku yake ba, don kada wutar da ta ɗauke muku ta ɗauke masa, ku koya masa yadda ake gyarawa. Idan an fasa shirin, a sauya jimlar gaba ɗaya ta ce an fasa, a ba da haƙuri, a faɗi sabuwar rana. Kuma da an gama shiri a sabunta ƙidayar zuwa na gaba, domin bot ba zai san ranar da kuka ba shi ta wuce amfani ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da nake roƙonku ku bari: sanya ƙidaya da gangan alhali kun san ba za ku fara ba sai an ƙara rabin awa, wai don jama'a su taru. Wannan yaudara ce ko da kowa yana yi, kuma wanda yake biyan kuɗinta shi ne wanda ya fi girmama ku, wanda ya zo a kan lokaci.

Sai maganar ibada, inda nake so ku fi taka-tsantsan. Da watan azumi ya kama, za ku ga sha'awar sanya !shanruwa ta taso, bot ya riƙa ƙidaya saura minti kaza a buɗe baki. Niyyar tana da kyau, amma ku tuna abin da na ce: agogo na gwamnati ne, faɗuwar rana kuwa ta wurin da mutum yake tsaye ce. Maiduguri da Sakkwato agogonsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai kusan digiri 8, wato kusan rabin awa. Idan kana Maiduguri ka sa ƙidayar shan ruwanku, mai kallo na Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Yamai ya bi ta, ya kai dabino baki rana tana sama. Idan kana Sakkwato ka sa ƙidayar ƙarshen sahur, na Maiduguri ko Diffa ya bi ta, yana cin abinci alfijir ya riga ya keto. Wannan a cikin agogo ɗaya ke nan, balle a tsallaka Accra ko Khartoum.

Ƙari a kan haka, abin da ake kira kai tsaye ba ya isa nan take. Tsakanin bakinka da kunnen mai kallo akwai jinkiri, daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa rabin minti ko fiye, gwargwadon saitin da ka zaɓa a YouTube, kuma mai raunin sabis ko wanda ya ɗan mayar da bidiyon baya yana iya zama a baya da mintuna bai lura ba. Kiran sallar asuba da ya ji ta waya ba shi ne ma'aunin ajiye cokalinsa ba. Ra'ayina a nan a fili yake: kada ku sa wannan ƙidayar. In kuwa dole ne, saboda shirin na masallaci guda ne, to sunan garin ya zo a farkon jimlar, kuma ta ƙare da cewa na wani gari ya bi ladaninsa. Ku tambayi malaman da kuke yi wa hidima, ba na jin akwai wanda zai so a ɗora azumin mutane a kan umarnin da wani yaro ya rubuta cikin gaggawa.

Haka ƙidayar Sallah. Bot yana son rana tsayayya, watan Musulunci kuwa 29 ne ko 30, sai an duba jinjirin wata. A Najeriya ana sauraron sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, a Nijar hukumomin can suke sanarwa, Saudiyya tana da nata, kuma ba sau ɗaya ba aka yi Sallah a Maraɗi ranar da Katsina take azumi ko akasin haka. Idan bot ɗinka ya ce saura kwana 2 Sallah, ka yanke hukuncin da ba naka ba. Abin da za ka iya ƙidayawa shi ne daren da za a duba wata, ka kuma ce a wace ƙasa. Waɗanda suke da masu kallo a Maroko kuma su san cewa tun 2018 agogon ƙasar daidai yake da namu, amma idan azumi ya zo suna ja da shi baya da awa ɗaya har sai bayan Sallah. Wanda ya rubuta Africa/Casablanca ba zai ma san an yi ba, kundin ya ɗauke masa.

Abu biyu ƙanana. Nightbot tana iya maimaita saƙo da kanta bayan kowane ɗan lokaci. Kada ku matse shi har ya binne tambayoyin mutane, sau ɗaya a minti 15 ko 20 ya isa. Na biyu kuma, musamman ga ƙannena mata da masu zama su kaɗai a ƙasar waje: agogon ƙasa ya wadatar, ba sai an faɗi unguwa ba, kuma kada a sa ƙidayar ranar tafiya. Ba duk wanda yake zaure ne masoyi ba, kuma ka sanar da shi daren da gidanka zai zama babu kowa.

Kafin ku sanar da jama'a sabon umarni, ku gwada shi da mutum, ba da idonku kaɗai ba. Ku kira wani da yake Accra, da wani a Jidda, da wani a Landan idan akwai, kowa ya rubuta !lokaci ya duba agogon hannunsa, sannan ya rubuta !saura ya faɗa muku ƙarfe nawa shirin zai kama a wurinsa. In amsoshin sun dace da lissafinku, ku saki. Ku sake wannan gwajin a tsakiyar Maris, da farkon Afrilu, da farkon Nuwamba, da kuma mako guda kafin azumi.